Sunusi, Wanda Ya Bar Maduguna Ya Nutse

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Sunusi, bakaniken injin ban ruwa a Kura. Abokin wasana ne, mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce. Manoman da ke shan ruwan kanal daga Kura zuwa Bunkure da gyaran inji suka san shi, in kuma suka tuna da shi, hannunsa mai baƙin mai suke tunawa. Ni ba a kan wannan zan yi magana ba. Akwai wani aiki da ya yi wanda mu shida kaɗai muka shaida, har yau kuma in na yi ƙoƙarin bayyana shi ga dattawa sai su bi ni da kallo. Sunusi shi ne mai jan labari a wani wasa da muke yi a zauren hira na waya. Na daɗe ina ganin wannan bai kai a sa shi a jarida ba. Na sauya ra'ayi ne don na ga mutane da dama an damƙa musu abin da ya fi wasa girma, ba su riƙe shi yadda ya riƙe wasan nan ba.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai taɓa ji ba. Ba tatsuniya ba ce, inda mutum ɗaya ke magana saura suna saurare. Kowane ɗan wasa yana ɗaukar mutum ɗaya a cikin labarin, ya raɗa masa suna, ya faɗi sana'arsa da halinsa. Duk abin da ya rage kuma mai jan labari ne: shi ne hanya, shi ne rana da ruwan sama, shi ne mai garin da aka sauka, shi ne ɗan fashin da ya tare hanya. Zai rubuto, "Kun iso bakin rijiya, babu guga, ga wata tsohuwa zaune tana kallonku." Sai kowa ya rubuto abin da mutuminsa zai yi. In abin mai haɗari ne, mai jan labari ba ya yanke hukunci da son ransa, ƙuri'a ake ja. Sunusi ya koyo wasan ne a wurin abokan karatunsa lokacin da yake koyon aikin inji a Kano. Su da Turanci suke yi, da dodannin wasu ƙasashe. Shi ya ce bai ga dalilin aron dodo ba alhali muna da namu. Da annoba ta sa aka rufe makarantu da kasuwanni, sai ya buɗe zaure ya zuba mu a ciki, ya ce mu fatake ne, za mu kai kanwa da gishiri wani gari mai nisa da babu wanda ya taɓa dawowa daga cikinsa.

Uku daga cikinmu zan ambata, ban da ni. Akwai Ramatu, 'yar'uwarmu, ma'aikaciyar jinya a Kumbotso, wadda ta zama tsohuwa mai magani a ayarin. Akwai Buba, makiyayi a wajen Bunkure, wanda ya zama maharbi. Akwai Lawan, direban bas a hanyar Garun Mallam, wanda ya zama maroƙi mai ɗan hali. Ni kuwa, Tasi'u, malamin firamare mai ɗan fegin tumatir, ba kunya ba tsoron Allah na ɗauki shugabanci, na ce ni ne Madugu Jatau. Kwana uku muke yi a mako, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Da an kira salla Sunusi zai tsaya, ko da kibiya tana sama ba ta sauka ba.

Da farko ƙwayar lido yake jefawa. Surukinsa, wanda malamin Islamiyya ne, ya ji labari ya ce masa bai ji daɗin ƙwayar nan ba, ko da babu caca a ciki. Sunusi bai yi musu ba, bai kuma ci gaba a ɓoye ba. Ya samo marafan kwalbar lemo guda shida, ya rubuta lamba a cikin kowanne, ya zuba a gwangwanin madara. Ya koma ya nuna wa malamin, malamin ya yi dariya ya ce ai ƙuri'a ba baƙuwa ba ce. Daga ranar, duk lokacin da abu ya yi tsanani, sai mu ga ɗan bidiyo ya shigo: bencin shagonsa, sifana a gefe, gwangwani yana kaɗawa, hannu ya shiga ya fito da marfi ɗaya. Bai taɓa jan ƙuri'a ba tare da mun gani ba.

An sha tambayata me ya sa wasan ya kai kusan shekara biyu, alhali zaurukan waya nawa ake buɗewa su mutu cikin mako. Abin da na iya gano shi ne, Sunusi ya fi saurare a kan magana. Na tuna lokacin da ya kwashe kwanaki yana shirya mana karo da 'yan fashi, ya zana dutsen da suke ɓuya, ya lissafa mutanensu. Muna isa, Ramatu ta lura ya ambaci tari yana fitowa daga wata bukka. Ta ce tsohuwarta ba faɗa za ta yi ba, za ta je ta ga mai tarin. Wani mai jan labarin da ya san yadda zai yi ya koro ta kan hanyar da ya shata, don kada wahalarsa ta tashi a banza. Sunusi kuwa ya ajiye shirinsa, ya rubuto cewa mai tarin uwar shugaban 'yan fashin ce. Ba a harba kibiya ko ɗaya ba. Mun yi mako uku a sansanin muna jinya, kuma duk wanda ka tambaya a cikinmu zai ce maka makonnin nan sun fi kowane yaƙi daɗi. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma a wurinsa sau da yawa masu rawa ne ke sauya kiɗan, shi kuma ya bi.

Buba ba ya rubutu da sauri, sai Sunusi ya kafa doka cewa saƙon murya daidai yake da rubutu, kuma ba a wuce kowa sai ya yi magana ko ya ce a wuce. Ya kan dakatar da mu duka ya tambayi maharbi abin da sawun dabbobin nan ke nufi, ya kuma ɗauki amsar Buba a matsayin gaskiyar labarin, don Buba ya fi shi sanin daji. Lawan kuwa ɓarna ce ta kawo shi. Wata rana maroƙinsa ya cinna wa rumbun wani ƙauye wuta don kawai ya ga abin da zai faru. Sunusi bai yi masa faɗa ba, bai hana shi ba. Bayan wata biyu hanya ta sake biyo da mu ta ƙauyen, ƙishirwa ta kusa kashe jakunanmu, muka tarar an rufe rijiya, mata suna nuna maroƙin da baki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Lawan bai sake ƙona komai ba, ya ma zama wanda ya fi kowa tambayar sunan mai gari kafin a shiga.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake siffantawa. Sunusi yana da taurin kai, kuma ban taɓa jin kalmar ban haƙuri ta fito daga bakinsa ba. Yana iya cika waya da bayanin yadda aka gina wata rijiya har mutum ya gaji. Akwai ranakun da manomi zai tsaya a ƙofar shago da injinsa a kan babur, alkama tana jiran ruwa, shi kuwa ya ce a ba shi minti goma, ayari na tsakiyar sahara. Matarsa Sadiya ta sha cewa tana da kishiyoyi shida a cikin waya. Duk wannan gaskiya ne.

Abin da ya shiga tsakanina da shi ya faru ne bayan shekara guda da fara wasan. Ayari ya iso bakin wani kogi da ya cika ya batse. Sunusi ya sa wani tsohon masunci ya gaya mana mu jira kwana uku. Maharbin Buba ya duba ruwan ya ce a jira. Ni na ce madugu ba ya jiran ruwa, zan shiga da doki in ɗaura igiya a ɗaya gaɓar. Sunusi ya rubuto a fili cewa in marfi ya fito ɗaya ko biyu, Jatau ba zai fito ba, ya tambaye ni ko na amince. Ya sake tambaya. Na ce a ja. A raina na tabbata ba zai kashe ni ba. Tare muka yi wanka a kanal muna yara, tare aka yi mana kaciya, kuma ayari ba ya tafiya babu madugu. Bidiyo ya shigo. Biyu.

Ya rubuta nutsewar Jatau a layi huɗu, babu ado. Doki ya fito, mahayi bai fito ba. Na fita daga aji, don ranar muna darasin yamma, na kira shi.

"Sunusi, wane irin wulaƙanci ne wannan? Ka ce igiya ta kama reshe, ko masuncin nan ya tsamo ni. Kai ne fa mai labarin."

"Tasi'u, sau biyu na tambaye ka."

"To don Allah sake ja. Wa zai ce wani abu?"

"Ba wanda zai ce komai. Amma daga yau duk marfin da na ciro, Buba zai san akwai wanda ake sake ja dominsa."

Na gaya masa maganganu, ciki har da cewa dama tun muna yara yake baƙin ciki da ni. Bai rama ba. Na fice daga zauren a ranar. Mutum mai shekara talatin da biyar, mai 'ya'ya uku, ya yi mako shida ba ya bi ta layin shagon ɗan'uwansa saboda wani madugu da bai taɓa wanzuwa ba. Ina rubuta wannan ne yadda ya faru, ba don ina alfahari da shi ba. Wanzami ba ya son jarfa: ni da nake kaɗa yara a jarrabawa in ce musu doka doka ce, ban iya haɗiye lamba biyu ba.

Injina ne ya sasanta mu. Tumatir ya fara fure, inji ya ƙi tashi, na kai wa wani bakanike ya yi kwana biyu bai gano ba. Ban kira Sunusi ba, mahaifiyata ce ta aika masa. Da hantsi na gan shi a kan kunyar gona da jakar kayan aiki. Ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya tsuguna ya kwance kafireta, ya busa, ya mayar, inji ya tashi. Muka tsaya muna kallon ruwa yana bin tiyo. Sai da ya hau babur ya waiwayo.

"Ayarin nan ba su da mai kula da jakuna. In ka san wani."

Na koma a matsayin Tanko mai jakuna, wanda ba a shawara da shi, wanda ke cin tuwo bayan kowa. Ramatu ce ta zama madugu, ta kuma fi ni iyawa. Ban taɓa jin daɗin wasan kamar watannin nan biyar ba, don a lokacin na fara jin tsoron marfi da gaske, na fara sauraron abin da saura ke faɗa. A wata na biyar Sunusi ya fara rama, idanunsa suka yi rawaya. Ya rubuto cewa ayari zai huta a wani zango na mako guda. Aka kai shi asibiti a Kano, ya yi mako uku. Ranar wata Talata da safe Allah ya karɓi abinsa. Ayari bai isa garin ba.

Bayan sadakar arba'in saura suka ce in karɓi jan labarin. Na karɓa, ina ganin na ga yadda ake yi. Kallon kitse nake yi wa rogo. Ban iya barin kowa ya faɗi ba. Duk wanda ya shiga haɗari sai in samo masa reshe ko masunci, irin wanda na roƙa aka hana ni. Cikin wata guda saƙonni suka ja baya. Buba ya daina turo murya. Da na tambaye shi, ya ce, "Malam, ai yanzu ko na yi barci maharbin zai ci." Zauren yana nan har yau, amma gaisuwar Juma'a da sanarwar suna kaɗai ake yi a ciki.

Yanzu zamani ya zo da wani abu da Sunusi bai gani ba. Bara Lawan ya nuna mini wata manhaja a wayarsa, irin masu ƙirƙirarriyar basirar nan, wadda za ka ce ta ja maka labari ta ja, da Hausa ma, ko da Hausar tana ɗingishi. Ba ta gajiya, ba ta da manomi a ƙofar shago, ba ta tsayawa don magariba. Ɗalibaina na da, waɗanda suka zama samari, wasunsu suna yini a kanta. Na karɓi wayar na gwada. Na kai Jatau bakin kogin nan, na ce zai shiga da doki. Ta yaba wa jarumtarsa, ta haye da shi. Na ce a tsakiyar ruwa ya ga akwatin zinariya, ta ce lallai ya gani. Na miƙa wa Lawan wayarsa.

Na sha tambayar kaina me Sunusi zai ce da ya ga wannan. Ba na jin zai tsine mata. Mutum ne mai son inji, da ya yi mako yana tona ta don ya gane inda take numfashi, da ma ya sa ta tana samo masa sunayen garuruwa. An ce mini akwai yadda ake umartarta ta riƙa tsanantawa, ta bar mutum ya mutu. Wataƙila. Amma tsananin da kai ka ba da umarninsa, kai ne za ka janye shi ranar da ya dame ka. Ita ba ta da abokin wasa da za ta rasa in ta ce a'a. Sunusi yana da shi, ya kuma san zai iya rasa shi, ya ciro marfin ya nuna. Ina jin da zai ce injin yana da kyau, sai dai bai san Buba ba.

Ban san iyakar abin da hukuncin nan ya ci masa ba sai bayan Sadiya ta fita takaba. Ta aiko mini da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, duk shafukansa da shatin yatsu na baƙin mai. Kowannenmu yana da shafinsa. A na Ramatu ya rubuta cewa in ta yi shiru tana kan aiki ne, a riƙe mata wurinta. A na Lawan ya rubuta cewa ɓarnarsa neman a kula da shi ne, a ba shi abin da zai tsare. A nawa layi biyu ne: "Yana son yabo. Kada a ba shi nasara da arha, zai raina ta." Bayan wannan sai shafi goma sha ɗaya a kan Madugu Jatau: ɗan'uwansa da ya ɓace wanda zai tarar a garin da muke nema, amanar da za a ci masa, zaɓin da zai fuskanta a ƙarshe. Rabin abin da ya rage na labarin a kan Jatau ya gina shi. Ya ja layi ɗaya daga saman kowane shafi zuwa ƙasa, a shafi na gaba ya fara sabon shiri. Ni mutum ɗaya na rasa a kogin nan, shi aikin watanni ya rasa, bai kuma taɓa faɗa mini ba, ko a ranar da nake zaginsa.

Idan aka auna abin da ya bari da ma'aunin da aka saba, ba shi da yawa. Shagon wani ne a ciki yanzu. Injinan da ya gyara galibi an sauya su, wasu manoman ma sun koma masu aiki da hasken rana. 'Ya'yansa biyu suna girma, ƙaramar ba ta tuna fuskarsa. Labarin da ya fi ba wa zuciyarsa bai ƙare ba, kuma ba wanda zai iya ƙarasa shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ya raya abin da ya bari.

Abin da na ga ya saura shi ne, mu shida mun taɓa zama a ƙarƙashin mutumin da ya san halin kowannenmu ciki da bai, yake ƙaunarmu, bai kuma taɓa karkata hannu don ɗayanmu ba. Wanda ya ɗanɗani wannan, ko a wasa ne, ya samu abin auna mutane, kuma abin auna kansa, wanda shi ne mai wuyar. Shekara biyu da suka wuce manoman reshen kanal ɗinmu suka sa ni cikin masu tsara ranakun ban ruwa. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya yana da shinkafa a ƙarshen reshen, inda ruwa ke isa a makare. Sau uku ya zo gidana yana neman in ba shi ranar da ba tasa ba. Sau biyu na hana shi, sau ɗaya na ba shi. Mutane suna cewa na yi ƙoƙari. Na san Sunusi, a kan sau ɗayan nan kaɗai zai tambaye ni.